Masu kula da masu galahanga (autism): yaya samun taimako ya kasance muku?

Maman tagwaye: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An kawo mana takardar tambayoyi, wai ana auna ko masu lalurar galahanga suna samun taimako. Aka tambaya ko yarona ya ga ƙwararre, na ce eh. To amma ganin nan sau ɗaya ne, bayan dogon jira, kuma har yau ba a fara koyar da shi magana ba. A lissafinsu yanzu muna cikin waɗanda suka samu. Don Allah kowa ya kawo nasa.

Wani uba: Wa alaikumus salam. Mu jiran ne ya fi ci mana rai. Ƙa'idar Ingila ta ce a fara tantance mutum cikin wata 3 da tura shi wurin ƙwararru, ga shi can ma mutane kan wuce shekara. 'Yata tana shekara 2 muka lura ba ta juyowa idan an kira sunanta, ba ta nuna abu da yatsa. Kafin a tabbatar mana, har ta isa shiga makaranta. Tun daga ranar da iyaye suka fara kai kuka ya kamata a fara ƙirga.

Malamar aji: Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura, don haka da wuya a rasa su a makaranta. Ina da ɗalibi mai toshe kunne da hannu biyu duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawa. A takarda an rubuta "yana samun ilimi", alhali ba a taɓa horar da ni kan yadda zan koyar da shi ba.

Mai lalurar da kansa: Ni sai da na girma aka gano. Duk takardun nan iyaye ake tambaya, mu ba a tambayarmu. Da an tambaye ni, da na ce ɗakin jira mai hayaniya da hasken fitila mai ƙarfi ya sha korata daga asibiti ban ga likita ba.

Yayar wani: Gaskiya ka faɗa, ɗan'uwa. Ƙanena yana cika 18 aka ce ya fita daga sashen yara, ba a kuma nuna mana inda za mu nufa ba. Maman tagwaye, a takardar taku akwai gurbin manya kuwa?

Maman tagwaye: Babu, 'yar'uwa. Na sake dubawa, a kan 'yan makaranta ta tsaya.