Kuɗin abincin yara na CACFP: ta ina ake shiga?

Maman Hanan, Bronx: Assalamu alaikum 'yan uwa. Lasisina na renon yara a gida ya fito, alhamdu lillah. Na ji an ce gwamnati na mayar wa mai reno kuɗin abincin da ta ciyar da yara. Don Allah masu sani, ta ina ake farawa?

Hajiya Babba, Houston: Wa alaikumus salam. Barka, Allah ya sa albarka. Sunan shirin CACFP. Ma'aikatar Noma ta Amurka ce ke ba da kuɗin, amma ba da ita za ki yi hulɗa ba, kowace jiha da ofishin da ke riƙe da shi. Mu nan Texas ma'aikatar noma ta jiha ce, ku a New York ma'aikatar lafiya. Kuma tunda a gida kike reno, ba ki da damar shiga da kanki, sai ta hannun ƙungiyar da za ta tsaya miki, wadda suke kira sifonsa. Ki nemi jerin sunayensu a wurin ofishin jiha, kada ki karɓi wanda wani ya miƙo miki a masallaci kawai.

Abban Sadiq, Atlanta: Hajiya ta faɗi daidai. In ƙara don masu cibiyar renon yara, wato ba a cikin gida ba, irin ta uwargidana. Cibiya tana da zaɓi: ko ta yi yarjejeniya da jiha kai tsaye, ko ta bi ta sifonsa, wanda doka ta ba shi damar riƙe har kashi 15 cikin 100 na kuɗin abincin don hidimarsa. Idan cibiyar ta kasuwanci ce, sai aƙalla kashi 25 cikin 100 na yaran sun fito daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi. Ni dai shawarata, sabon shiga ya fara da sifonsa. Kuskuren takarda na iya jawo asarar kuɗin wata guda cur.

Maman Hanan: Na gode Abban Sadiq. Nawa ake biya ne?

Hajiya Babba: Ana sake farashin duk 1 ga Yuli, sifonsa zai ba ki na bana. Iyaka dai abinci 2 da ɗan abin taɓawa 1, ko abinci 1 da abin taɓawa 2, ga kowane yaro a rana, har zuwa shekara 12. Wajen biyan kuɗi, gidajen reno mataki biyu ne. Na farko ya fi tsoka, kuma ana samun sa idan makarantar unguwarku rabin ɗalibanta ko fiye sun cancanci abinci kyauta ko mai rangwame, ko kuma ke kanki samunki kaɗan ne. Ki ce su duba adireshinki tun ranar farko.

Anti Memuna, Bronx: Ƙanwata, bar maganar kuɗi tukuna, zo mu yi ta tukunya, nan ne namu ke tuntuɓe. Tun Oktoban 2017 aka hana tsoma abinci cikin mai a soya a wurin renon, don haka ƙosai ya fita. Amma alale ya shiga, wake kuwa yana tsayawa a madadin nama ko a matsayin kayan lambu, sai dai ba duka biyun a faranti ɗaya ba. Abincin rana dole ya haɗa abu biyar: madara, nama ko madadinsa, kayan lambu, 'ya'yan itace, da hatsi. Sau ɗaya a rana kuma hatsin ya zama wanda ba a surfe ba, a nan gero da dawa suke da rana, muddin da dusarsu aka niƙa. Madara, ɗan shekara 1 mai cikakken maiƙo, daga shekara 2 mai maiƙo kashi 1 cikin 100 ko marar maiƙo. Ruwan 'ya'yan itace sau ɗaya tak. Kek da biskit mai zaƙi ba a lissafa su.

Maman Ikram, Philadelphia: Anti, naman halal fa?

Anti Memuna: Ba wanda zai tilasta miki alade. Ki sayi halal a shagon da namansa ya bi ta hannun masu binciken gwamnati, ki adana rasit. Naman da maigida ya yanko a gona da sallah, wannan na gidanki ne, ba na yaran mutane ba.

Abban Sadiq: Abin da ya fi damuna shi ne ƙidaya. A cibiya ana rubuta wanda ya ci ne a lokacin da yake ci, ba da dare a cika daga ka ba. Sifonsa zai zo duba ku sau 3 a shekara, aƙalla 2 ba sanarwa. Takardu kuma a ajiye su shekara 3 bayan wadda ake ciki. Duk wanda ya ce ki ƙara sunan yaron da bai zo ba ku raba, ki guje shi. Kun ga abin da ya faru a Minnesota da ƙungiyar Feeding Our Future, zambar kusan dala miliyan 250 na kuɗin abincin yara, aka fara gurfanar da mutane a 2022. Ko ba a kai ga kotu ba, wanda aka kora daga shirin sunansa na shiga jerin waɗanda aka haramta wa shirin, yawanci shekara 7.

Maman Ikram: Ni matsalata iyaye ne, ba sa son cika fom ɗin bayyana kuɗin da suke samu. Da sun ga an ambaci lambar soshiyal (Social Security, lambar da gwamnati ke ba mutum) sai su ja baya.

Hajiya Babba: Ki zaunar da su ki nuna musu. Lambobi 4 na ƙarshe kawai ake nema, kuma akwai gurbin da wanda ba shi da ita zai yi alama. Mai karɓar tallafin abinci na SNAP ko tallafin kuɗi na TANF lambar fayil ɗinsa zai rubuta, ba sai ya lissafa albashi ba.

Maman Hanan: Allah ya saka da alheri. Akwai jaririya da uwarta ke zuwa shayar da ita da rana, ita ma ana lissafawa?

Anti Memuna: Ana lissafawa, in dai a wurinki ta shayar. Ki rubuta a takardar jarirai ranar da abin ya faru. Gobe bayan la'asar ki leƙo in nuna miki yadda nake cika tawa.