Wace sikima (injin tace dattin tankin kifi) zan saya, kuma ina ake ajiye ta?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina kiwon kifin ruwan daɗi, yanzu kuma ina son in gwada na ruwan gishiri mai murjani, tankin lita 300 ne da samp (ƙaramin tankin tace ruwa mai ɗaki-ɗaki) a ƙasa cikin kabad. Kowa sai ya ce min in nemi sikima, injin nan mai kumfa. Dole ce? In sayi babba gaba ɗaya ko daidai tankin, kuma a wane ɗaki na samp ɗin ake sa ta? Ni a Abuja nake, kun san yanayin wuta.

Mai_Murjani:
Wa alaikumus salam. A lita 300 ka sa kawai malam. Da ƙaramin tanki ne canjin ruwa duk sati ya ishe ka. Aikin sikima shi ne famfonta ya haɗa iska da ruwa ya fitar da ƙananan kumfa, dattin da ya narke daga kashin kifi da ragowar abinci ya manne a jikinsu ya hau sama cikin kofi, ka zubar tun bai zama naitiret ba, sinadarin da ke ɓata ruwan in ya taru. Kar ka ɗauko katuwa wai don ka huta, in datti bai kai ba kumfa ba za ta dinga hawa ba, yau ta yi gobe shiru. Ka nemi wadda aka rubuta wa lita 400 zuwa 500 ta cikin samp, irin su Bubble Magus ko Reef Octopus, amma ka fara auna kabad ɗin, da yawa sai sun sayo suke gane babu wurin zare kofi ta sama.

Baban_Tanki:
Ƙanena ni maganar wuri ce ta fi damuna. Ka sa ta a ɗakin farko inda ruwa ke saukowa daga tanki, don can tsayin ruwa ba ya motsi. Ɗakin famfon da ke mayar da ruwa sama shi ke raguwa in ruwa ya ƙafe, in ka sa ta can kullum kana murɗa maɓalli. Yawanci suna son zurfin santimita 15 zuwa 20, ka duba takardarta, in ruwan ya fi haka ka ɗora ta kan wani abu na roba.

To ga inda wutar tamu ke shigowa. Da an ɗauke wuta ruwan bututu zai gangaro ya cika samp, ana kawowa sikima ta tashi cikin ruwa mai zurfi, nan take kofi ya cika ya amayar da duk dattin cikin tanki ko kan tayil. Ka sa mata taima mai jinkiri, famfon mayar da ruwa ya fara tashi ita ta biyo bayan minti biyar, ko ka haɗa su duka a inbata.

Hajiyar_Kifi:
Ku ƙara da wannan, iskar ɗakin da tankin yake ciki take zuƙa ta cusa cikin ruwa, don haka ban da fesa maganin sauro ko turaren wuta kusa da ita, hayaƙin janareta ma haka. Kuma sabuwa takan yi sati ɗaya ko biyu tana shirme kafin ta daidaita, kar ka ce ta lalace.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na auna, kabad ɗin santimita 60 ne daga ƙasa. Hajiya maganin sauron nan fa ko a falon da ke kusa ma bai halatta ba?