Injin motar tsere yana mis idan juyi ya haura 6,500

Assalamu alaikum, masana harkar inji. Ina neman shawararku kan injin Toyota 4A-GE mai lita 1.6 da bawul 16, wanda na sauya wa kamshaf (sandar da ke sarrafa buɗewa da rufewar bawul) da injektoci (masu fesa mai cikin inji) domin tsere. Yana tafiya lafiya ƙalau har juyi 6,500 a minti, amma da zarar na take totur ya haura haka, sai ya fara mis (wato wuta ba ta kama mai daidai a cikin injin) yana ɓarin wuta ta salansa, musamman a giya ta uku.

Na sauya fulogi da kwayil da filtar mai, na kuma rage tazarar fulogi zuwa milimita 0.8, duk a banza. Zargina yana kan tsofaffin sifirin bawul (masu mayar da bawul ya rufe), domin ban taɓa su ba. Yaya zan bambance rauninsu da ƙarancin mai kafin in kwance kan injin?