Tsofaffin taswirorin tsaunukan Brooks: har yanzu ana iya dogara da su?

Mai Kamfas:
Salamu alaikum. Masana, taswirorin da hukumar USGS (mai safiyon ƙasa a Amurka) ta zana na tsaunukan Brooks a arewacin Alaska, daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950, suna da sauran amfani ga mai tafiyar ƙasa, ko sai dai ajiya?

Ɗan Safiyo:
Wa alaikumus salam. Suna da amfani, Malam, dutse ba ya ƙaura. Nemi mai ma'aunin 1:63,360, wato inci ɗaya mil ɗaya. Ta 1:250,000 ta tsara hanya ce kawai. Ana sauke su kyauta a topoView, shafin intanet na USGS.

Inda ake faɗawa rami shi ne GPS. An gina taswirorin nan kan NAD27, tsohon tsarin lissafa matsayin wuri a doron ƙasa, na'urarka kuwa tsarin WGS84 take bi. Idan ba ka sauya saitin ba, za ta ajiye ka fiye da mita 100 daga inda takarda ta nuna, a cikin hazo kuwa wannan ya isa ya kai mutum bakin gangara. Haka karkatar allurar kamfas daga ainihin arewa, da aka rubuta a ƙasan taswirar: ta ragu da fiye da digiri 10 tun lokacin, don arewar maganaɗisu tana matsawa. Nemi ta bana, ka rubuta a kai.

Hajiya Taswira:
Ƙari kan na Malam Ɗan Safiyo, duk tsayin da ƙafa aka auna shi, ba mita ba, kuma kada a ɗauki lambobin ƙololuwa kamar yankan wuƙa. Dutsen Isto wata taswirar ta ba shi ƙafa 8,975, wata 9,050, dutsen Chamberlin kuma 9,020. Aka daɗe ana gardamar wanne ya fi tsayi, sai awon da aka wallafa a 2016 ya bai wa Isto gaskiya: kimanin 8,975, Chamberlin bai kai 8,900 ba.

Daskararriyar ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kwarurukan tsaunukan ma ta ja baya, irin wadda ake kira McCall. Inda taswira ta nuna fari, yau kana iya tarar da tarin tsakuwa mai zamewa. Kogunan da ke rarrabuwa a kan yashi kuma kullum cikin sauya hanya suke, mashigin da aka zana ba lallai ya rage ba.

Ɗan Safiyo:
Na manta: wajen bugawa a bar girman a 100%, kada a bari firinta ta matse shi ya cika shafi. A auna da rula, kilomita ɗaya ta zama kusan santimita 1.6. Titin Dalton kuwa, wanda ya ratsa tsaunukan, sai 1974 aka gina shi, kada ka neme shi a bugun farko.