Ina karatu a Dang, gidanmu Kusiri, a ina zan yi katin zaɓe?

Yar_Kusiri:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah masu sani a taimaka min. Ni ɗaliba ce a jami'ar Gaundare, shekara ta biyu kenan ina zaune a Dang a mini-site (gidan hayar ɗalibai), amma iyayena suna Kusiri can aka haife ni. Watan Mayu zan cika 20 in Allah ya kaimu, kuma ina so in yi katin zaɓe karon farko. Babanmu yace in bari sai na zo vakans, wato hutu, in yi a gida, wai ɗalibi baƙo ne a inda yake karatu ba a rubuta shi a can, ƙawata kuma tace ita a nan Dang ta yi nata ba wanda ya hana ta. To wanne ne daidai? Kuma sai na cika 20 ɗin tukuna ko zan iya zuwa tun yanzu?

Malam_Garwa:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Duka biyun doka ta yarda miki. Dokar zaɓe ta 2012 cewa tayi duk ɗan Kamaru da ya kai 20 yana iya rubuta sunansa a komin (ƙaramar hukuma) ɗin da yake asalinsa, ko kuma a komin ɗin da yake zaune a ciki aƙalla wata 6. Ke kin fi shekara a Dang, kenan kin wuce wata 6 ɗin tuni, Dang kuwa tana cikin Gaundare ta 3 ne, sai ki nemi antenin ELECAM, wato ofishin hukumar zaɓe, na wannan komin ɗin. Babu inda dokar ta ware ɗalibi tace shi baƙo ne.

Batun shekaru kuma ba sai kin jira Mayu ba, wanda zai cika 20 kafin a rufe rajista ko kafin ranar zaɓe ana rubuta shi. Ana buɗewa 1 ga Janairu a rufe 31 ga Agusta duk shekara, amma ki kula da wannan sosai: shekarar da ake zaɓe, ranar da shugaban ƙasa ya sa hannu ya kira masu zaɓe to ranar ake tsayar da rajista. A 2025 ran 11 ga Yuli aka kira, zaɓen kuma 12 ga Oktoba, mutane da yawa suna jiran Agusta sai ji suka yi an rufe. Wannan shi yasa shawarar a jira vakans bata kwanta min ba sam.

Ki tafi da kart dantite ɗinki, za su ɗauki hoto da zanen yatsu su baki resepise, wato takardar shaidar rajista, ki adana shi da shi zaki karɓi katin. Kyauta ne ko dala ba a biya. Abu ɗaya dai, kar ki yi a Dang ki sake yi a Kusiri, suna biyu laifi ne kuma na'urar tana kamawa ta yatsu.

DanDang:
Yar uwa ki yi a nan kawai wlh. Malam ya gama magana ta fannin doka ni ta fannin aljihu zan miki. Ba a jefa ƙuri'a sai a biro ɗin da sunanki yake, zaɓen 2018 Oktoba, na 2025 Oktoba, na yan majalisa da na meri a 2020 Fabrairu, duk lokacin muna makaranta ne ko ana rantire, wato komawa makaranta. Daga nan zuwa Kusiri sama da kilomita 700, ki bi Garwa ki bi Marwa sannan ki hau hanyar Mora zuwa Dabanga wadda ke kin fi ni saninta, ranar zaɓen kanta kuma ba a barin motoci su yi tafiya gari zuwa gari, to wane ɗalibi ne zai kashe kuɗin transpor zuwa da dawowa ya bar kur don Lahadi ɗaya? Haka katunan yan uwanmu suke kwance a akwati a gida ba amfani.

Kuma abin da yake min ciwo, dubban ɗalibai ne a Dang, mu ke biyan haya mu ke riƙe da yan moto da masu abinci, amma in ana maganar ruwa ko fitilun titi ko shara ba mai waiwayarmu don an san sunayenmu basa cikin lis ɗin komin. Ɗan takara yana lissafin masu kati ne, da yawanmu ya shiga lis da an zo har ƙofar site ana tambayar me muke so.

Inna_Marwa:
Ɗiyata ki ji ta mahaifinki ma, ba banza ya faɗa ba ko da dokar bata ce haka ba. Zaɓen shugaban ƙasa duk inda kika jefa ƙasa ɗaya ce, amma na meri da na depite na wurin ne. Wa'adinsu shekara 5, ke kuma lisans shekara 3 kin gama kin tattara kayanki, magajin garin da kika zaɓa a Gaundare bazaki zauna ƙarƙashinsa ba, Kusiri kuwa nan uwarki da ƙannenki suke, nan Logon yake cika ya shiga gidajen mutane da damina. In duk yaranmu masu ilimi suka kwashe ƙuri'unsu zuwa garin karatu wa zai tsaya wa gida?

Malam_Garwa:
Inna maganarki tana kan hanya, sai dai ba ɗaurin har abada bane. In ta gama ta koma gida zata je antenin Kusiri lokacin rajista ta nemi a canza mata wurin zama, a cire sunan daga Gaundare a maida can. Canji zata ce musu, kar tace sabuwar rajista.

DanNjamena:
Mu yan Cadi da muke karatu nan da Marwa mu dai yan kallo ne, sai ɗan ƙasa ake rubutawa ko shekara nawa kayi. Amma 20 ɗin nan taku tana bani mamaki, mu can 18 ne. Yaro ya ci bak ya gama sakandare ya shiga fak, wato jami'a, yana shekara ta biyu ace har yanzu bai isa zaɓe ba?

Yar_Kusiri:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Inna wlh maganar ruwan nan ta taɓa ni don unguwarmu ma yana shiga, amma in na yi a gida nasan ranar bazan samu zuwa ba. Zan kira Baba yau da daddare in karanta masa abin da Malam ya rubuta, in ya amince sati mai zuwa zan je nan Gaundare ta 3. Malam tambaya ɗaya ta rage, in na yi yanzu katin bai fito ba har ranar zaɓe fa?

Malam_Garwa:
Ki dinga leƙa antenin da resepise ɗinki. Katunan da ba a karɓa ba ana kai su biro ɗin zaɓe ranar, ki je da wuri da kart dantite, ana buɗewa ƙarfe 8 na safe a rufe 6 na yamma. Ki gaida Baba.