Shin a Maradi tsohuwar PS2 ta fi PS5 amfani?

Mai gidan wasa, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya wani matashi ya shigo wurina, ya dubi na'urorin da nake sana'a da su, ya yi dariya ya ce har yanzu ban fita daga zamanin da ba, tunda PS2 huɗu ne a shagona, wato na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 2, alhali duniya ta kai PS5, wato PlayStation 5. Na ba shi amsa a gaban jama'a, kuma ina so in maimaita ta a nan domin waɗanda suka fi ni sani su gyara mini idan na kauce. Abin da na ce shi ne, a garin Maradi, ga wanda zai nemi abinci da na'urar ko ya saya wa ƴaƴansa, PS2 ta fi PS5 amfani nesa ba kusa ba. Ban ce ta fi ta kyawun hoto ba, wannan ba abin gardama ba ne. Hujjata ita ce wuta. Kowa ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse kuran da take ba mu saboda takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, alhali layin da ke ciyar da Maradi da Damagaram daga Katsina yake shigowa. A watannin nan ban rufe shago ko yini ɗaya ba, domin siririyar PS2 ba ta cin wat 50, kuma faifan hasken rana biyu da batir suka riƙe ni. PS5 kuwa tana kaiwa wajen wat 200 idan wasa ya yi nauyi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗalibin jami'a:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ina girmama sana'arka, kuma ni kaina a irin shagonka na koyi riƙe manet, wato abin da ake sarrafa wasa da shi a hannu, amma ina ganin ka ɗauki shekarar wahala ka mayar da ita ma'auni na kullum. An ɗage takunkumin tun watan Fabrairun 2024. Na'urar da kake yabo ta fito ne a shekarar 2000, kafin a haifi yawancin masu shiga shagonka, kuma Sony ta daina ƙera ta fiye da shekara goma da suka wuce. Wasan ƙwallo na ƙarshe da aka fitar mata a hukumance shi ne PES 2014 da FIFA 14. Yaron da yake kallon wasannin Ingila da Sifaniya kowane mako a tele, yana ganin fuskokin ƴan wasa da gumin goshinsu, yaya za ka gamsar da shi da hoton da ba ya iya bambance ɗan wasa da ɗan uwansa sai ya karanta lambar riga?

Mai gidan wasa:
Ɗana, wannan magana ta nuna ka daɗe ba ka leƙo mu ba. Akwai masu gyara tsohon PES kowace kaka, su sa sababbin ƴan wasa da sababbin riguna da waɗanda suka canza ƙungiya, mu kuma mu ɗora a kan kile, wato ƙaramar ma'ajiyar USB. Yaron da ke da dala goma a aljihu ba gumin goshi ya zo kallo ba, ya zo ne ya ci abokinsa uku da nema ya yi masa tsiya har gida.

Mai gyaran na'urori, babbar kasuwa:
Na karanta bayanan biyu, kuma tunda a hannuna waɗannan na'urori suke ƙarewa idan sun gaji, bari in sa baki. Lissafin wutar Alhaji daidai ne, har ma zan ƙara masa. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1200 na awa ɗaya, amma wanda yake son batirinsa ya yi tsawon rai ba ya shan fiye da rabi, wato 600. Idan ka haɗa PS2 da ƙaramar tele ba za su wuce wat 90 ba, ka ga sun ba ka awa shida da ɗoriya. Idan PS5 ce da babbar tele irin wadda ta dace da ita, ka kai wat 250 ko fiye, awa biyu da kaɗan batir ya kwanta, ban da abin da injin juya wutar yake ci shi ma. Ga kuma zafi. Takardar da ke zuwa da PS5 ta ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 da 35, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa, balle a shagon kwano da yara goma ke numfashi a ciki. Ƙurar hunturu kuma tana toshe mata hanyar iska, ko da yake an yi mata wasu ramuka a ƙarƙashin marfin gefe domin a zuƙe ƙurar, abin da yawancin masu ita ba su ma sani ba.

Inda na rabu da Alhaji shi ne zancen ɗorewa. Yana magana kamar PS2 ba ta mutuwa, alhali ni na san yadda take mutuwa. Idon da ke karanta faifai shi ne farkon abin da ke gajiya, shi ya sa kowa ya koma kile, kuma mashigar kile ta PS2 irin ta farko ce mai jinkiri, shi ya sa za ka ga bidiyon cikin wasa yana tsinkewa. Kayan gyaran da nake samu yanzu duk daga gawar wata na'urar nake ciro su, in haɗa biyu ko uku in tada ɗaya. An sayar da PS2 fiye da miliyan 150 a duniya, babu na'urar wasa ta gida da ta kai ta, wannan ne ya sa gawarwakin ba su ƙare ba tukuna. Amma rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, kowa ya san ƙarshensa. Manet na asali ya yi wuya, wanda ke cike kasuwa jabu ne da ba ya wata uku a hannun yara. Idan Alhaji ya tara kuɗin da ya kashe a kan manet cikin shekara biyu, ina zaton zai rage murya.

Mai gidan wasa:
Malam, ba zan musa zancen manet ba, ina da buhu guda na matattu a bayan shago. Amma ka faɗa wa jama'a gaskiya: manet ɗaya na PS5 nawa yake, kuma idan sandarsa ta fara karkata da kanta, manet nawa na PS2 kuɗin gyaransa zai saya?

Mai gyaran na'urori:
Zai sayi da yawa, Alhaji, ban ɓoye ba.

Malamin makarantar sakandare:
Ku gafarce ni, ina ganin tambayar ce aka ɗaura a karkace tun farko. An ajiye mana na'urar shekarar 2000 da ta shekarar 2020 an ce mu zaɓa, kamar babu komai a tsakaninsu. PS4 ta fito a 2013, siririyarta ta biyo baya a 2016, kuma ita ce yanzu take shigowa da yawa a matsayin ta hannu, ko ta Kano ko ta Kwatano. Wutar da siririyar take ci ba ta kai rabin ta PS5 ba a yawancin wasanni, tana haɗuwa da tele ta zamani kai tsaye ba tare da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja ba, kuma an ci gaba da fitar mata sabon wasan ƙwallo, har da FC 24 da FC 25, bayan kamfanin EA ya rabu da sunan FIFA a 2023. Wanda ya haɗa PS2 da faffaɗar tele ya san yadda hoton yake dushewa, domin an ƙera ta ne saboda tsohuwar tele mai ƙeya. Saboda haka idan Alhaji yana nufin PS5 ba ta dace da aljihunmu da wutarmu ba, ina tare da shi. Idan kuwa yana nufin mu tsaya a PS2, to ya tsallake amsar da ke gabansa.

Ɗalibin jami'a:
Malam ya kawo gyara mai kyau, kuma na yarda akwai abin da ban ambata ba game da PS5. Ba kuɗin sayenta ne kaɗai matsala ba, ko da yake dala 499 ta Amurka aka sa mata ranar da ta fito, kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Na'ura ce da aka gina a kan zaton cewa mai ita yana da intanet marar iyaka. Ko faifai ka saya, sau da yawa sai ta nemi ka sauke ƙarin giga masu yawa, wasu wasannin ma sun haura giga 100. Wanda ke sayen forfe na mako a waya, wato datar intanet, ya san abin da wannan yake nufi. Sannan idan ka zo buɗe asusu ba za ka ga sunan Nijar a jerin ƙasashe ba, sai ka ce kana Faransa ko wata ƙasa, ka riƙa neman katin kuɗi na can. Duk da haka ban janye ba. Wahalar samun abu ba ta mayar da wanda bai kai shi ba ya fi shi. Da haka ne, da mun ce amalanke ya fi mota saboda ba ya shan mai.

Mai gidan wasa:
Ranar da mai ya yanke, ɗana, wanda ke da amalanke shi ke kai gero kasuwa.

Wata uwa, mai ɗinki a Ali Ɗan Sofo:
Ni ban san wat ba, ban san giga ba, amma ina da samari uku a gida, kuma ina mamakin yadda duk kuka manta da abin da ke hannunsu a wannan lokaci da muke magana. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa roƙona PS2 ko PS5. Waya suke roƙo, mai babban ƙwaƙwalwa, domin su buga Free Fire da abokansu. A da idan yaro ya tafi shagon Alhaji na san inda yake, na san dala ashirin ɗin da na ba shi za ta ƙare ya dawo, kuma na san idan an kira salla Alhaji zai kashe tele ya kore su masallaci. Yanzu wasan yana ƙarƙashin bargo har ƙarfe biyu na dare, ba mai kashewa, kuma kuɗin da ake zubawa a forfe ba ya da iyaka. Saboda haka idan ana neman wanda zai goyi bayan Alhaji, ni ce, amma ba don na'urarsa ta fi ba. Don shagonsa yana da ƙofa ne, ana buɗewa ana rufewa.

Malamin makarantar sakandare:
Hajiya ta taɓo inda yake mini ciwo, domin ni nake ganin idanunsu da safe a aji. Sai dai ina so mu yi adalci: a zamanin da PS2 take tashe, mu malamai shagunan wasa muke zargi da sace mana ɗalibai, har muna bin su da bulala. Ba na son mu wanke tsohon mai laifi kawai don an sami sabo.

Mai gyaran na'urori:
Maganar Hajiya ta shafi hujjar Alhaji ta wata fuska da bai lura ba. Duk abin da ya yabi PS2 da shi, waya ta fi ta a ciki. Waya ba ta cin ko kashi ɗaya cikin huɗu na wutar PS2 da telenta, batirinta yana jikinta, ba ta buƙatar gurup, wato injin ba da wuta. Wayoyin Tecno da Infinix da suka cika kasuwa suna ɗaukar Free Fire, wanda tun fitowarsa a 2017 aka tsara shi domin ƙananan wayoyi, kuma akwai manhajar PPSSPP da samari ke buga PES da ita ba tare da intanet ba. Idan araha da ƙarancin wuta ne ma'auni, to waya ce ta ci gasar, ba PS2 ba. Abin da ya rage wa Alhaji shi ne abin da waya ba ta iya bayarwa, wato mutum biyu a benci ɗaya, da ƴan kallo goma a bayansu suna ihu. Wannan kuwa ba na PS2 ba ne ita kaɗai, PS4 ma tana bayar da shi, kuma da hoto mai kyau. Ita ma wayar tana da nata ciwon, kada a ce na yi mata talla: buga wasa tana kan caji a cikin zafin bazara shi ke kumbura batir, kuma babu makon da ba a kawo mini irinta.

Mai gidan wasa:
To, na ji ku duka, kuma ba zan ce ban ƙaru ba. Na yarda cewa na'urorina ba za su dawwama ba, na kuma yarda cewa Malamin makaranta ya fi ni tsara tambayar. Amma har yanzu babu wanda ya amsa mini lissafin da nake kwana da shi. A PS2 ina karɓar dala goma a wasa ɗaya, kuma benci ba ya zama babu kowa daga la'asar zuwa isha'i. Idan na kawo sabuwar na'ura dole in ninka kuɗin sau uku ko huɗu kafin in mayar da jarina, kuma yaran unguwarmu ƴaƴan masu tura kura ne da masu sayar da ƙosai. Wanda ke da jaka a aljihu ba shagona yake zuwa ba, yana da tasa a falon gidansu.

Ɗalibin jami'a:
Alhaji, ba sai ka zubar da huɗun ba. Ka sayar da ɗaya, ka ƙara kuɗi ka kawo PS4 ta hannu guda ɗaya, ka sa mata nata farashin, ka bar sauran ukun yadda suke. Bayan wata biyu ka duba littafinka ka gaya mana wane benci ya fi kawo kuɗi. Idan na faɗi, zan zo in zauna a shagonka in buga PES ɗinka a gaban yara.

Mai gyaran na'urori:
Idan za a yi haka, kada a biya kuɗi sai na buɗe ta na ga cikinta, domin da yawa daga cikin na hannun an taɓa gasa cikinsu da zafi wajen gyara an rufe. Akwai siririya ɗaya da aka kawo mini wankin fanka, mai ita zai karɓa ranar Asabar. Alhaji, ka biyo ta kasuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka zo da PS2 ɗaya, ina da na'urar auna wuta, mu jona su ɗaya bayan ɗaya ka ga lambar da idonka.

Mai gidan wasa:
Zan zo in Allah ya yarda. Zan taho da buhun manet ɗin nan ma, ka duba ko za a tada biyu daga ciki.