Waɗanda suka taɓa naɗar wasa da umarnin record a gem ɗin harbi na Counter-Strike, ku zo mu ji

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Asabar ɗin da ta wuce na yi abin da ban taɓa yi ba a filin wasan de_dust2: mutum huɗu na kwantar ni kaɗai da AWP, bindigar nan ta harbi daga nesa. Allah ya sa tun kafin a fara na buɗe tagar umarni da maɓallin nan na ƙasan Esc, na rubuta record asabar, da aka tashi na rubuta stop. Na leƙa foldar cstrike, ga asabar.dem a zaune. Na tura wa abokina na Kongo ta WhatsApp ina jiran kirari, sai ga kiransa wai wayarsa ta ce ba ta san wannan fayil ba. Ni ma na gwada da VLC, shiru kake ji. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ya ƙare.

Mai gyaran kwamfuta a PZ:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba bidiyo ka naɗa ba, shi ya sa. Ka ɗauka an yi wasan dara, wani ya zauna a gefe yana rubutawa: wane ya dasa nan, wane ya ci can. Takardar ba ta da hoto, sai ka samu gurabe da 'ya'yan dara ka sake jerawa kafin ka ga wasan. To haka demo yake, wato fayil ɗin nan naka mai .dem. Abin da ke ciki bayanan da suka riƙa iso wa kwamfutarka ne, wa ke ina, ina ya juya, yaushe ya harba. Gem ɗin ne ke sake zana komai. Shi ya sa wasan rabin awa nake ɗaukarsa a tsohon filash ba tare da ya ji nauyi ba. Abokinka ya saka fayil ɗin a foldar cstrike tasa, ya rubuta playdemo asabar. In kuma tsohon samfurin nan Counter-Strike 1.6 kuke yi, viewdemo ya fi, don yana fito da ɗan allon da za ka tsayar, ka rage gudu, ka ja gaba ko baya.

Na Gyallesu:
Ni wuta ce ta koya mini darasi. Muna gasar unguwa, kwamfuta shida da waya a tsakaninsu, muna zagayen ƙarshe aka ɗauke. Kafin yaron shago ya ja janareta komai ya mutu, ban samu na rubuta stop ba. Fayil ɗin yana nan da nauyinsa, amma gem ya ce ya lalace. Daga baya wani ya fahimtar da ni cewa a 1.6 sai an tsayar da naɗin ne ake rubuta jadawalin abin da ke ciki a ƙarshen fayil. Tun daga ranar, kowane rabi da demo ɗinsa. Kuma ku riƙa canza suna, don na taɓa ɗora sabo a kan tsoho da suna ɗaya, tsohon ya tafi ba sallama.

Injiniya gobe:
Na Gyallesu, gara kai. Ni da na ji cewa startmovie na mayar da demo bidiyo, ban tsaya tambaya ba. Na kunna demo, na rubuta umarnin da 30 a ƙarshe, na tafi masallaci sallar la'asar. Ashe ba bidiyo yake yi kai tsaye ba, hotuna yake zubarwa ɗaya bayan ɗaya, talatin a kowace daƙiƙa ta wasan, irin BMP ɗin nan marasa matsi. Ku lissafa: minti goma kaɗai hoto 18,000 ke nan. Na dawo na tarar laftof ta cika maƙil, ko aikin makaranta ta ƙi ajiyewa, ga firojet zan kai wa malami washegari. Daren nan goge hotuna na kwana yi. Kada wanda ya taɓa shi sai ya haddace endmovie, umarnin da ke tsayar da shi.

Mai shagon gem a Sabon Gari:
Ni amfanin demo a wurina raba gardama ne. Akwai wani yaro da ake ta zargi da coge, wai yana ganin mutane ta cikin bango. Har an kusa ba hammata iska a shagona. Na ce kowa ya zauna, na sa ya naɗi wasansa na gaba, muka kalla a hankali a hankali. Sai muka ga ashe kunne ne da shi: da ya ji takun ƙafa yake juyawa, ba kafin nan ba. Amma ku lura, demo ɗin da mutum ya naɗa da record idonsa kaɗai yake nunawa da kyau. In ana son ganin kowa, sai an tayar da HLTV, manhajar 'yan kallo ta gem ɗin, ta naɗi wasan gaba ɗaya. Yanzu duk gasar da aka sa kuɗi, haka nake yi.

'Yar Kongo:
Sannunku yayye. Ni CS:GO, wani samfurin Counter-Strike na baya-baya, na fara da shi, can demoui ake rubutawa ko a danna Shift da F2 don fito da allon sarrafa demo, ga demo_timescale na rage gudu. Na tara demo sun fi ashirin. Da Counter-Strike 2 ya fito a watan Satumba 2023 ya maye gurbinsa, ko ɗaya bai buɗe ba, don an koma sabon inji, Source 2. Ba datar da na ƙona wajen sauke sabon ce ta fi ba ni haushi ba, wasan da na doke yayana ne, yanzu kuma ya ce bai san zancen ba.

Mai gyaran kwamfuta a PZ:
Ƙanwata, ai ko ƙaramin sabuntawa kan iya kashe tsohon demo, balle canjin inji. Wanda kike ji da shi ki mayar da shi bidiyo tun gem ɗin na karɓarsa. Abin ma ya girme ku duka: gem ɗin Doom na 1993 yana da nasa demo, Quake na 1996 kuma ya zo da timedemo, wanda muke gwada ƙarfin tsofaffin kwamfutoci da shi kafin mu sayar.

Ɗan Samaru:
Na gode Malam, na gode kowa. Na kunna viewdemo, na ɗora manhajar OBS a kai ya ɗauki allon, bidiyon ya fita tsaf kuma ya buɗe a waya. Sai dai da na rage gudu na ƙirga, uku ne nawa. Na huɗun gurnetin wani ɗan ƙungiyarmu ne ya gama da shi, sunansa na nan ɓaro-ɓaro a saman allo. Na riga na tura wa na Kongo kafin in lura, kuma ya gani.